Zan iya gina gida kusa da manyan bishiyoyi ba tare da na kashe su ba?

"Assalamu alaikum. Na sayi fili mai faɗin mita 15 da tsawon mita 30, akwai manyan bishiyoyi uku a ciki, kuma gaskiya saboda su na saye shi. Ɗaya tana kusurwar baya a jikin iyaka, ɗaya kusa da inda za a sa get, ta ukun kuma kusan a tsakiya. Mai zane ya riga ya kawo zanen gidan, bangon falo zai wuce kamar mita biyu daga gindin ta tsakiyar. Ɗan kwangila ya ce ba komai, za su bar wa kowacce taku uku, su ɗaura mata tsofaffin tayoyi don kada mota ta goge ta. Wani abokina kuma ya ce in sare su duka in huta, wai saiwa za ta fasa min gini. Maganar wa zan ɗauka?"

Wa alaikumus salam. Malam, tambayarka biyu ce a haɗe: ko ginin zai kashe bishiyoyin, da kuma ko bishiyoyin za su ɓata ginin. Ɗan kwangilarka ya amsa ta farko da sakaci, abokinka ya amsa ta biyu da tsoro. Aikina shi ne duba bishiyoyi a wuraren da ake gini, kuma abin da na fi gani shi ne ana kirana bayan an riga an yi ɓarna. Kai ka yi sa'a, har yanzu gidanka a takarda yake, kuma a takardar nan ne za a yanke wa bishiyoyin nan hukunci, tun kafin tifa ta farko ta shigo.

Tayoyin da za a ɗaura ba laifi ba ne, amma gangar jiki kawai suke karewa. Yawancin bishiyoyin da na ga gini ya kashe, ko ƙwarzane babu a ɓawonsu. Ta ƙasa aka kashe su.

Inda saiwa take

Mutane da yawa suna ɗauka cewa bishiya tana da wata doguwar saiwa guda da ta nutse can ƙasa tana shan ruwa, saboda haka duk abin da aka yi a sama bai dame ta ba. Akwai bishiyoyin da ke tura saiwa da zurfi, musamman a busassun wurare, amma akasarin saiwoyin da ke ciyar da babbar bishiya suna cikin santimita 60 na saman ƙasa ne, domin nan ne iska take, nan ruwan sama ke fara sauka, nan kuma ruɓaɓɓen ganye ke zama taki. Kuma a kwance suke tafiya, sukan wuce iyakar inuwar bishiyar nesa ba kusa ba. Ka ɗauka an kafa sanda a tsakiyar wani ƙaton faranti: sandar ita ce gangar jiki, farantin shi ne saiwa. Masu kaurin da ke kusa da gindi su ne ke riƙe da ita kada iska ta kayar. Masu shan ruwa da abinci kuwa sirara ne kamar zare, lebura zai sare dubbansu da shebur bai ma lura ya taɓa komai ba.

Waɗannan sirara suna numfashi. Ƙasa mai kyau kusan rabinta 'yan ƙofofi ne da iska da ruwa ke bi. Idan tifa ɗauke da yashi ta taka ta, musamman tana jiƙe, ƙofofin sai su toshe, ƙasar ta koma kamar daɓe. Wucewar farko da ta biyu su ke yin mafi yawan ɓarnar, shi ya sa "sau ɗaya kawai za ta shiga ta juye" ba ta zama uzuri ba.

Abin da ke ruɗar mutane shi ne bishiya ba ta mutuwa nan take. Tana da abincin da ta tara a jikinta, da shi za ta ci gaba da fitar da ganye shekara biyu, uku, wani lokaci fiye. Ranar da za a miƙa maka makulli za ka gan ta kore shar, ɗan kwangila ya ce ai ga ta nan lafiya lau. Sai daga baya ganyen ya fara ƙanƙancewa, kan rassan can sama ya fara bushewa, toho ya riƙa fitowa a gangar jiki inda da babu shi, naman kaza ya tsiro a gindi. A lokacin sai a ce tsufa ne, ko gara ce. Gara ta zo ne ta tarar da abin da ya riga ya mutu.

Ka ɗauki tef ka auna

Akwai lissafin da masu wannan aiki ke amfani da shi, kuma kai ma za ka iya yinsa da yammacin yau. Ƙa'idar Birtaniya mai lamba BS 5837, bugun 2012, ta ce a auna kaurin gangar jiki a tsayin mita 1.5 daga ƙasa, a ninka shi sau 12. Abin da ya fito shi ne nisan da za a bari daga bishiyar zuwa kowane gefe, kuma ba a wuce mita 15. Ta Ostireliya, AS 4970 ta 2009, ita ma sau 12 take ninkawa. A Amurka an saba cewa ƙafa ɗaya ga kowane inci ɗaya na kauri, wanda in ka duba lissafi guda ne. Ga tsofaffin bishiyoyi na musamman, shawarar hukuma a Ingila ta kai sau 15.

Da yake ba za ka iya zura tef ta tsakiyar bishiya ba, ka zagaya ta da shi, ka raba abin da ka samu da 3.14, shi ne kaurin. Ko kuma ka ninka zagayen sau huɗu kai tsaye, zai ba ka kusan nisan da ake nema har da ɗan ƙari. A ce zagayen ta tsakiyar nan santimita 190 ne. Kaurinta kusan santimita 60 ke nan, nisan da take buƙata mita 7.2 ta kowane gefe, wato da'ira mai girman murabba'in mita 163. Filinka gaba ɗaya murabba'in mita 450 ne. Bishiya ɗaya ta cinye fiye da kashi ɗaya cikin uku. Ka kwatanta wannan da taku ukun ɗan kwangila.

Ba dole ne da'irar ta zama zagayayya tsaf ba. Idan akwai tsohuwar kwalta ko tsohon gini a gefe guda, saiwa ba ta yi yawa a can ba, sai a karkata da'irar zuwa inda take da gaske, amma ba a rage girmanta. Ƙa'idar Ostireliya ta 2009 ta ɗauki shigar gini cikin abin da bai kai kashi 10 cikin 100 na wannan fili ba a matsayin ƙaramar shiga, muddin an rama wa bishiyar a wani gefen. Da zarar an wuce haka, sai an tona a hankali an ga saiwoyin da ido kafin a ce komai.

Ka buga turaku, ka ja igiya, ka zana da'irori ukun a ƙasa, sannan ka sa safiyo ya ɗora su a kan taswirar filin. Da ma kamata ya yi a yi haka kafin mai zane ya ja layi ko ɗaya, sai ya zana gidan a abin da ya rage. Yawanci juya abin ake yi, a gama zane sannan a tuna akwai bishiya.

Ta tsakiyar

A nan zan faɗa maka abin da ba za ka so ji ba. Ramin harsashin gini mai zurfin mita ɗaya, a nisan mita biyu daga gindi, zai yanke duk saiwar da ke wannan ɓangaren, wanda zai iya kai kusan rabin abin da take da shi. Kuma ba masu shan ruwa kaɗai zai yanke ba. Ga bishiya mai kaurin da muka yi misali da shi, manyan saiwoyin da ke riƙe da ita suna cikin mita biyu da rabi zuwa uku ne daga gindi. Wato za a sare mata abin da ta dogara da shi, a bar ta tsaye da dukan nauyinta a kan rufin falonka. Ka ƙara da cewa magina ba a kan layin bango suke tsayawa ba, suna buƙatar wurin kafa katakon hawa, wurin tura baro, wurin ajiye bulo. Mita biyun nan duk za a tattake su.

Hanya mafi sauƙi ita ce a koma wurin mai zane. Gyaran zane ya fi duk wani gyara arha. Wataƙila a tura gidan gaba ko baya, ko a rage shimfiɗarsa a hau sama, ko a lanƙwasa shi ya bar bishiyar a fili mai faɗi. Ban ce a zagaye ta da ɗakuna ta ko'ina ba. Na sha ganin zane mai ban sha'awa inda bishiya ke tsakiyar gida an bar mata ɗan murabba'i kamar bakin rijiya, an yanke saiwarta ta kusurwa huɗu. A takarda kyakkyawa ce ƙwarai.

Idan ba yadda za a yi sai an shiga da'irar, akwai harsashin da ba ya buƙatar dogon rami: a huda ƙananan ramuka jefi-jefi, a zuba ginshiƙan kankare, a ɗora bim a kansu sama da ƙasa, ginin ya zauna kamar a kan ƙafafu. Ana fara tona kowane rami da hannu, in an ci karo da babbar saiwa a matsa gefe. Yana aiki, na ga ya yi, amma ya fi tsada, yana buƙatar injiniyan da ya san shi, kuma ruwan saman da rufin ya tare dole a nemo yadda za a mayar wa saiwar da ke ƙarƙashi.

In duka biyun ba za su yiwu ba, shawarata ka sare ta tsakiyar tun yanzu, ka tsaya tsayin daka a kan sauran biyun. Da muguwar rawa gwamma ƙin tashi. Sare babbar bishiya a fili babu kowa aikin yini ɗaya ne. Sauke busasshiya reshe-reshe da igiya daga kan rufin kwano, bayan shekara biyar, wani aiki ne daban. Kuma kafin ka zaɓi wadda za a bari, a duba lafiyar kowacce. Ƙa'idar Birtaniya tana raba su kashi huɗu bisa inganci da shekarun da ake sa ran sun rage musu: masu aƙalla 40, masu aƙalla 20, masu aƙalla 10, da waɗanda ba za su wuce 10 ba ko da ba a yi gini ba. Ba hikima ba ce a karkata gida saboda bishiyar da cikinta ya riga ya zama kogo. Matashiya mai ƙarfi kuma ta fi tsohuwa jure wahalar gini nesa, ko da yake ido ya fi son tsohuwar.

Shinge, da mutanen da za su matsar da shi

Waɗanda za a bari, a kewaye da'irarsu da shinge kafin a kawo ko da buhun siminti ɗaya, kafin ma a fara share fili, domin katafila mai share fili tana iya gama da bishiya a awa guda. Shinge nake nufi na gaske, ragar ƙarfe mai tsayin kamar mita biyu a jikin turakun da aka kafa da ƙarfi. Igiya ko jan ƙyalle ba sa kai mako.

Dalilin da ya sa na nace a kan ƙarfinsa shi ne inuwa. A duk filin, gindin bishiya ne wuri mafi daɗi, kuma komai can yake taruwa. Can ake kwaɓa siminti, can ake ajiye janareta da jarkar man dizal, can ake wanke shebur da kwanon kwaɓi da yamma, can direba ke faka mota, a jikinta ake buga ƙusa a rataye riga da wayar lantarki. Ba mugunta ba ce, rana ce ke korar mutane. In kana so shingen ya tsaya, ka kafa wa ma'aikata rumfa a wani gefe, ka nuna wurin kwaɓi da wurin wanke kaya a inda gangara ba za ta kai ruwan gindin bishiya ba. Ruwan siminti kaifinsa irin na soda ne, yana ƙona saiwa kamar yadda yake cin hannun birkila.

Akwai wani aiki da na taɓa dubawa, an kafa shinge daidai yadda na zana, na tafi da murna. Bayan mako uku na dawo na tarar an zare ɓangare ɗaya an jingine, an juye yashi tifa biyu a ciki, tudun har ya rufe gindin. Shugaban ma'aikata ya ce kwana biyu kawai zai yi. Da aka kwashe bayan wata huɗu, na soka rodi a wajen da'irar da ba a taka ba, ya shige da hannu ɗaya. Na soka a inda yashin ya zauna, na hau da nauyina, bai shiga tsawon ɗan yatsa ba. A gefe ga wani farin tabo mai faɗin tabarma inda ake zubar da ruwan wanke injin kwaɓi. Mun sassauta ƙasar, mun zuba ruɓaɓɓen ganye, bishiyar ta rayu, amma rabin kanta na wannan gefen ya bushe a shekara ta huɗu. Tun daga nan nake sa mai gida ya rubuta shingen a cikin yarjejeniyar kwangila, da sunan wanda zai amsa tambaya in an taɓa shi, da abin da za a cire daga kuɗin aiki. Magana ta baki ba ta tsayar da tifa.

Ta bakin get ɗin nan ita ce za ta fi shan wahala, domin duk motar da za ta shigo ta kanta za ta bi. In da hali, a buɗe ƙofar wucin gadi a wani gefe har a gama. In babu, a shimfiɗa ɓarzajjen itace mai kaurin santimita 15, a ɗora faranta masu ƙarfi a kai. Wannan na ƙananan injuna ne, manyan motoci sai injiniya ya tsara musu abin da zai ɗauki nauyinsu. Ta kusurwar baya kuwa katanga ce abokiyar gabarta, kuma kusan kowa yana mantawa da ita. Kada a ja ramin katanga ya ratsa gindinta. A yi ginshiƙai nesa da juna, a ɗora lintal ya tsallake saiwoyin, a bar tazara tsakanin bulo da gangar jiki domin za ta ƙara kauri.

Ƙarshen aiki ya fi farkonsa haɗari

Sau da yawa bishiya tana tsira daga magina, sai mai jan bututun ruwa ko mai binne wayar lantarki ya zo ya gama da ita, lokacin an cire shinge kowa ya saki jiki. Shi gajeriyar hanya yake nema daga mita zuwa gida, in ta bi ta gindin bishiya, ta nan zai tona. Saboda haka hanyar bututu, waya, magudana da ramin sokawe duk su fito a zane tun farko, a waje da da'irar. In dole ne a ratsa, a tona da hannu, ko da abin hura iska mai ƙarfi wanda ke kwashe ƙasa ya bar saiwa, a zura bututun ta ƙarƙashinsu. Duk saiwar da kaurinta ya kai milimita 25, kamar babban yatsa, kada a yanke sai wanda ya san aikin ya gani. Wadda za a yanke a sa zarto mai kaifi, ba diga ko haƙorin katafila ba, domin tsagaggiyar saiwa ruɓa take yi ta bi ciki. Waɗanda aka buɗe a rufe su da jiƙaƙƙen buhu har a mayar da ƙasa. Ba sai an shafa fenti ko kwalta a wurin yanka ba. Binciken Alex Shigo a Amurka ya nuna bishiya killace rauni take yi daga ciki da kanta, shafe-shafen ba sa hana ruɓa.

Sai ciko da daɓe. Ƙara ƙasa a kan saiwa yana shaƙe ta, rage ƙasa kuma yana kwashe ta, don haka tsayin ƙasar cikin da'irar ya zauna yadda aka same shi. Kada a zuba kankare har gindi. Intalok ma, yadda aka saba yinsa, sai an kankare ƙasa an bi ta da injin dannawa, ɓarnar ke nan. In ana son wurin taka ƙafa ko ajiye mota, akwai shimfiɗa mai ramuka kamar saƙar zuma da ake ɗorawa a kan ƙasa ba tare da tono ba, a cika ta da tsakuwa wankakkiya, iska da ruwa su riƙa wucewa.

Maganar abokinka

Yana da 'yar gaskiya. Saiwa mai kauri tana ɗaga abu marar nauyi da ke kusa da gindi, kamar daɓe, dakali ko gajeriyar katanga. Harsashin gida mai nauyi kuwa da wuya ta ture shi, kewaye shi take yi. Bututu ma ba ta fasa lafiyayye, sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga: inda mahaɗa ke yoyo nan take bi.

Haɗarin gaske yana ga ƙasa mai yumɓu, irin wadda ke dardarewa da rani ta kumbura da damina. Bishiya tana tsotse ruwanta, ƙasar ta motse, harsashin da bai yi zurfi ba ya zauna, bango ya tsage. A ƙasa mai yashi ko tsakuwa wannan bai cika faruwa ba. Abin da abokinka bai sani ba shi ne a irin wannan yumɓun, sarewar ma tana da nata sharrin. Ƙasar da bishiya ta shekara da shekaru tana busarwa za ta fara shan ruwa tana kumbura a hankali, ta ɗaga ginin da aka ɗora mata. Ko ka bari ko ka sare, sai an gwada ƙasar, kuma injiniya ya san da bishiyoyin kafin ya yanke zurfin harsashi. Wannan fanninsa ne, ba nawa ba.

Ka kuma tambayi hukumar da ke ba da izinin gini ko akwai doka a kan bishiyoyin kafin ka sa gatari. Wurare da yawa suna da ita. A Ingila, misali, dokar tsara birane ta 1990 ta ba ƙaramar hukuma ikon sa wa bishiya takardar kariya, kuma a unguwannin da aka keɓe saboda tarihinsu sai an ba da sanarwar mako shida kafin a taɓa ta. Ta jikin iyakar nan kuma a tabbatar ta wane ne, domin in ta maƙwabci ce, saiwarta da ke cikin filinka ma abin lura ce.

Ban ga bishiyoyin nan da idona ba, kuma kogo, karkata ko tsohon rauni abubuwa ne da sai an tsaya a gindi an ƙwanƙwasa an saurara. Ka nemi wanda ya san aikin ya zo kafin a gyara zanen, ya kuma riƙa leƙowa ana cikin aiki, musamman ranar tonon harsashi da ranar jan bututu. Bayan an gama, kada ka bari a rage musu kai wai don a daidaita da saiwar da suka rasa, da ganyen nan suke samun abincin da za su sake tsirar da wata. Ka shimfiɗa ɓarzajjen itace ko busasshen ganye kaurin santimita 5 zuwa 10 a cikin da'irar, kada ya taɓa gangar jiki, ka riƙa ba su ruwa sosai jefi-jefi a lokacin fari na shekara biyu ko uku na farko. Ka ɗauki hoton kowacce yanzu, daga wuri guda, sannan ka maimaita a wata guda kowace shekara. Kan rassan can sama za ka riƙa kwatantawa, domin daga nan bushewa ke farawa.